Gonaki huɗu, na'urori arba'in: ina bayanan za su zauna?

Assalamu alaikum, masu kallo. A ce kana kula da gonakin noman rani guda huɗu, ɗaya a bakin kogin Galma, ɗaya a Shika, biyu a wajen Samaru. Kowace gona an binne mata na'urorin auna danshin ƙasa guda goma, kowace na'ura kuma tana ɗaukar awo duk bayan minti 5. Wato awo 288 a rana daga na'ura ɗaya, 11,520 daga duka arba'in ɗin.

Abin da mutane suka fi yi shi ne su tura kowane awo kai tsaye zuwa babbar saba ta intanet, wato kwamfutar da ke nesa mai ajiye bayanai. A gona wannan ba ya ɗorewa, domin sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuma duk awon da aka tura lokacin da babu sabis ya salwanta. Don haka a kowace gona ajiye ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ta zama matattara. Na'urorin, waɗanda galibi kan ɗan allon lantarki mai suna ESP32 ake haɗa su, su aika mata ta Wi-Fi idan suna kusa, ko ta LoRa, rediyon aika bayanai mai cin dogon zango, idan akwai tazara. Matattarar ta karɓa ta MQTT, tsarin aika saƙo tsakanin na'urori, da manhajar Mosquitto, ta rubuta a rumbun bayanai na SQLite da ke katin memorinta. Kowane layi ya ƙunshi abu huɗu: lambar na'ura, lambar jeri (wadda ke ƙaruwa da ɗaya a kowane sabon awo), lokaci, da awon kansa.

Lambar jerin nan kada ka raina ta. A MQTT, idan ka zaɓi mataki na 1 na tabbacin isar saƙo, saƙo zai isa aƙalla sau ɗaya, amma yana iya isowa sau biyu idan amsar karɓa ta ɓace a hanya. Haɗa lambar na'ura da lambar jeri su zama mabuɗin layi, wato shaidar da ke bambanta kowane layi da sauran, sai rumbun ya ƙi karɓar maimaici.

Sai lokaci, wanda shi ne ya fi ɓata aiki. ESP32 idan wuta ta yanke ta dawo, agogonta yana komawa 1 ga Janairu, 1970, har sai ta samu inda za ta daidaita shi. Ka buɗe jadawali ka ga tumatirinka ya sha ruwa a 1970! Maganin shi ne ɗan agogon DS3231 mai batirin kansa. Kuma ajiye komai da UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, ka ƙara awa ɗaya ta Najeriya lokacin nunawa kawai.

Yanzu tambaya. Kana zaune a ofis a Zariya kana son sanin matsakaicin danshi na jiya. Babu buƙatar kwaso layi 11,520. Kowace matattara ta yi lissafinta duk awa, ta aiko da taƙaitawa, layi ɗaya ga kowace na'ura: layi 960 ke nan a rana daga gonakin huɗu. Amma lura da abin da za ta aiko. Ta aiko da jimilla da adadin awo, da mafi ƙanƙanta da mafi girma, kada ta aiko da matsakaici kaɗai. Ga dalili: gona ta farko ta ɗauki awo 100, matsakaicinsu 20. Ta biyu batir ya mutu, awo 10 kacal ta samu, matsakaicinsu 40. Idan ka haɗa 20 da 40 ka raba biyu za ka ce 30, alhali amsar gaskiya ita ce 2,400 a raba da 110, kusan 21.8. Da wannan kuskuren kana iya hana gona ruwa tana bushewa.

In ka ga wani abu da bai yi maka ba a taƙaitawar, sai ka nemi cikakkun layukan awar nan daga matattarar da abin ya shafa kaɗai. Kuma kowace amsa ta faɗi gonaki nawa suka amsa, uku cikin huɗu ko duka, domin gonar da ta yi shiru ba za ta fito a lissafi ba.

Katin memori yana lalacewa da yawan rubutu da yankewar wuta ba zato, saboda haka tara awo ka rubuta su a dunƙule, ka share cikakkun layuka bayan kwana 30 idan saba ta tabbatar da karɓar taƙaitawarsu. A lokacin hunturu ƙura tana rufe farantin sola, batir ya yi ƙasa, na'ura ta fara kashe kanta da asuba. Sa kowace na'ura ta riƙa aiko da ƙarfin batirinta tare da awo, ka kuma sa ƙararrawa idan ta yi minti 30 ba ta ce komai ba, ko ta maimaita lamba ɗaya tsawon yini bayan an yi ban ruwa.