Amsoshin Tambayoyinku: Wane irin makulli ne zai tsare min kekena daga ɓarayi?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wannan makon saƙonni da yawa sun zo a kan abu ɗaya, satar keke, kuma ba abin mamaki ba ne, don tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 mutane da dama suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon kekensu, wasu suka sayi sabo, to abin da ya yi daraja a wurinka ɓarawo ma ya san ya yi daraja.

Saƙon farko daga wani malamin firamare ne a Zariya. Ya ce kekensa ya zo da makullinsa tun daga kamfani, irin wanda ke manne a ƙarƙashin sirdi, in ka danna sai ƙarfen ya ratsa wayoyin tayar baya, yana tambaya ko wannan ya wadatar.

Malam, Allah ya ƙara sani, gaskiya bai wadatar ba. Wannan makullin aikinsa kawai ya hana taya juyawa, wato ba mai hawa ya tuƙa ya gudu, amma ai keke ba shi da wani nauyi, mutum ɗaya zai ɗaga bayan ya gangara da shi a tayar gaba kamar mai kai wa mai faci, ko ya cusa shi a Adaidaita Sahu, ba wanda zai ce masa kanzil domin kowa zai ɗauka nasa ne mukulli ya ɓata. In za ka shiga shago ka sayi sabulu idonka na kan keken, to ba laifi. Amma makaranta da za ka wuni a aji, ko masallacin Juma'a inda kowa ya ba kekuna baya, dole sai an ɗaure shi da abin da ba ya motsi, falwaya ko ƙarfen gate ko bishiya mai kauri. Kuma a lura da tsayin abin, in guntun turke ne ɗaga keken za a yi a zare ta sama.

Sai wani ɗalibi daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya ce ya je kasuwa ya ga iri uku, akwai waya mai rigar roba, akwai sarƙa da kwaɗo, akwai kuma wani ƙarfe lanƙwasasshe mai siffar harafin U, shi kuma kuɗin da ke hannunsa kaɗan ne, wanne zai ɗauka.

To ɗan'uwa, a nan zan ɗan daɗe don nan ne aka fi cutar mutane. Wayar nan mai roba ita ta fi kyan gani, ta fi araha, ba ta da nauyi, amma in ka feɗe robar za ka tarar siraran wayoyi ne aka murɗe wuri ɗaya, kaurin da kake gani yawancinsa roba ce, almakashin yankan ƙarfe ɗan ƙarami da zai shiga aljihun riga ya ishe ta, kafin ka ce kwabo an gama. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya dogara da ita ita kaɗai. Mai siffar U ɗin in na kirki ne shi ya fi ba ɓarawo wahala, don ƙarfe ne guda da aka gasa ya yi tauri, zarto ba ya cinsa da sauƙi, matsalarsa kawai bakinsa ƙarami ne ba zai zagaye falwayar siminti ba, kuma jabunsa ya yi yawa, in ka ɗaga ka ji shi sakayau to ka ajiye musu abinsu. Sarƙa ita ce ta fi dacewa da garuruwanmu tunda tana zagaye komai, sai dai a nemi mai kauri, kamar milimita 10 zuwa sama, ba irin ta ɗaure akuya ba, sannan kar a yi abin da nake yawan gani, sarƙa ƙatuwa da ɗan kwaɗo na akwati, ai ɓarawo ba zai taɓa sarƙar ba, guduma ɗaya zai sakar wa kwaɗon. Ka zura sarƙar cikin tsohon tub don kar ta kankare maka fenti. In ka zo ɗaurewa ka haɗa gangar jikin keken da tayar baya da abin da za ka ɗaure a jiki, kar ka ɗaure tayar gaba kawai, noti biyu ne ke riƙe da ita, za ka dawo ka tarar da taya babu keke. Kuma kar ka bar kwaɗon a kwance a ƙasa, nan ne ake samun wurin dukansa.

Wata baiwar Allah daga Kano ta ce ɗanta da ke zuwa sakandare da keke kullum sai ya yar da mukulli, ko ta saya masa mai lambobi.

Hajiya, Allah ya raya mana shi. In za ki saya ki nemi mai lamba huɗu, shi yana da haɗi 10,000, mai lamba uku kuwa 1,000 ne kacal, mai haƙuri zai zauna ya gwada su duka. Masu arahar kuma in aka ja su ana juya lambobin a hankali ana jin inda suke faɗawa. Ga shi yara ba sa riƙe sirri, abokin aji ya gani shi ke nan. Da ni ne, kwaɗo mai kyau zan saya, a sa mukulli ɗaya a igiya ya rataya a wuya cikin riga, na biyun ya zauna a hannunki.

Na ƙarshe wani ɗan kasuwa ne daga Kumasi a Ghana, ya ce ya ga masu tsada a intanet irin su Abus da Kryptonite, shin akwai wanda ba a iya karyawa sam.

Alhaji, babu shi. Abus na Jamus ne, Kryptonite na Amurka, duka sun yi suna kuma kayansu na da ƙarfi, amma a 2004 an gano wasu makullan Kryptonite masu zagayayyen mukulli ana buɗe su da bututun biro na Bic, har sai da kamfanin ya canza wa mutane kyauta. Yanzu kuma ga injin yankan ƙarfe mai batir, irin na masu walda, wanda in aka ba shi lokaci kusan komai zai ci, sai dai yana ƙara yana tartsatsi, shi ya sa ɗaure keke a idon jama'a, kusa da mai shayi ko mai gadi, ya fi lungu nesa ba kusa ba. In za ka yi oda daga waje ka duba ko yana da tambarin Sold Secure, wata cibiya ce a Ingila da ke gwada makullai tana ba su daraja, ka nemi mai darajar Gold ko Diamond, su ne na sama.

Kuma ku duka huɗun, ku kifa keken ku duba ƙarƙashin inda feda ke juyawa, galibi nan ake buga lambar keke, ku rubuta ta ku haɗa da rasit, ku ɗauki hotonsa a waya, don in ƙaddara ta faɗa aka je wurin 'yan sanda ko aka gan shi a kasuwar 'yan kekuna, da wannan lambar za ku kafa hujja cewa naku ne.