Ƙaramar kalma mai juya zancen Bature

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina da ƙannena ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na can baya, in muryata ba ta iso muku ba ku ɗaga hannu.

Bari in fara da harshenmu. Ku ɗauki kalmar "ci". Muna cin tuwo, muna cin jarrabawa, muna cin kasuwa, wani ya ci amana, wani ya ci bashi, wani kuma a ci masa mutunci. A cikin duk waɗannan, tuwo kaɗai ke shiga baki. Da za ka ba Bature ƙamus ka ce ya fassara "ya sha kashi", ai sai ya toshe hanci. To yadda muke wahalar da baƙo da "ci" da "sha", haka Turanci ke wahalar da mu da abin da suke kira phrasal verbs, wato fi'ili da aka liƙa wa 'yar ƙaramar kalma irin su up, off, in, out.

Ga misali. Give shi ne bayarwa, kowa ya sani. Amma give up shi ne mutum ya haƙura ya daina. Give in shi ne ya miƙa wuya bayan an matsa masa. Give away kuma kyauta ce, ko kuma tona asiri, ya danganta da zancen. Look after kula ne, look for nema, look into bincike, look down on raini. Ɗalibin da ya tsaya a kan look ya ƙi duban abin da ke biye da shi, a ɗakin jarrabawa zai gane kurensa.

Kada ku ga kamar mu kaɗai abin ke dama wa lissafi. Tun a 1755 Samuel Johnson, wanda ya rubuta shahararren ƙamus na Turanci, ya faɗa a gabatarwarsa cewa wannan haɗin kalmomi shi ne ya fi ba baƙi wahala. Kuma akwai dalilin da ya sa da yawa daga cikinsu suke da tagwai, wato wata kalma guda mai ma'ana ɗaya da su. Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da Latin suka kwararo cikin harshen ta fada da kotu da coci. Shi ya sa kake da put off da postpone, give up da surrender, look into da investigate. Gajerun na gida ne da kasuwa, dogayen na takarda da ofis. Mu da muka koyi Turanci a aji sai muka fi riƙe dogayen, shi ya sa idan muna hira ake jin kamar muna karanta wasiƙar neman aiki.

Wani abu ya taɓa faruwa da ni. Wata malamarmu Baturiya na kai mata uzurin rashin kawo aikin gida, na ce akuya ta cinye littafin. Kuma wallahi gaskiya ne. Ta sauke tabarau, ta dube ni ta ce: Are you pulling my leg? Ni kuwa na san jan ƙafa a Hausa jinkiri ne, sai na hau rantsuwa cewa gobe da sassafe zan kawo. Matar nan ta yi dariya har da riƙe tebur. Ashe tambayata take ko zolayarta nake. Jan ƙafarmu kuma a wurinsu drag your feet ne. Ƙafa ɗaya ce, amma kowa da inda ya ja ta.

Akwai ƙa'ida guda da nake so ku rubuta yanzu. Za ka iya cewa turn off the light, za ka iya cewa turn the light off. Amma da zarar ka sa it, dole ta shiga tsakiya: turn it off. Turn off it kuskure ne. Shi kuwa look after ba a raba shi ko kaɗan, look after him ake cewa. Wanda ake rabawa da wanda ba a rabawa, babu wata dabara sai haddar jimla sukutum, yadda yaro ke koyon "cin fuska" ba tare da ya tambayi wa ya tauna ba.

Wani zai ce, to namu Turancin na Najeriya fa? A watan Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Najeriya, ciki har da Kannywood, da put to bed da ma'anar haihuwa, da eat money, wanda kowa a nan ya san cin kuɗi ne. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Sai dai ku lura da inda kuke. In ka ce wa likita a Landan matarka ta yi put to bed, zai iya ɗauka cewa yara ta kwantar su yi barci. A takardar WAEC ku rubuta give birth.

Na ga mai gabatarwa yana duban agogo. 'Yar'uwa ta can gefen taga, ke kika fara ɗaga hannu, bisimilla.