Ramin maƙwaƙƙwafi: yadda ake gane sheƙa daga ƙasa

An rubuto wannan ne daga faifan laccar da aka yi wa ɗalibai masu sha'awar kallon tsuntsaye a Zuru.

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi. Kafin in fara, wa ya taɓa hawa bishiya ya zura hannu a kogo yana yaro? Ku ɗaga hannu, ba duka za a yi ba. To, kun ga, har da ni. Abin da na zo in raba ku da shi ke nan yau, domin duk abin da hannu zai gaya muku, ido da kunne za su gaya muku daga ƙasa, kuma ba a bar maciji ya sari kowa ba.

Maƙwaƙƙwafi ba ya saƙa sheƙa irin ta sauran tsuntsaye. Sassaƙa yake yi. Namiji da mace su sami busasshen reshe ko itacen da cikinsa ya fara ruɓewa, su huda ƙofa zagayayya, su shiga kaɗan, sannan su gangara ƙasa kamar rijiya. Ba ciyawa, ba auduga. Ɓarɓashin itacen da ya rage a ciki shi ne shimfiɗar. Shi ya sa nake cewa mai neman ramin ya fara da kallon ƙasa. In ka zo gindin ɗorawa ko kaɗanya ka ga ɓarɓashi fari sol a warwatse kamar masassaƙi ya tashi daga aiki, ɗaga kanka. Sabuwar ƙofa bakinta fari ne, tsohuwa ta yi duhu, wani lokaci har gizo-gizo ya yi saƙa a kanta. Wadda ke da yanar gizo, kada ka ɓata safiyarka a wurin.

A nan ƙasarmu biyu ne za ku fi haɗuwa da su. Akwai mai tokar kai, wanda masana ke kira Dendropicos goertae, tsawonsa kusan santimita 20. Namijin yana da ja a tsakar ka kamar ya sa dara, macen kanta toka ne gaba ɗaya, amma dukansu in suka tashi za ka ga ja a gindin wutsiya. Na biyun shi ne mai ɗigo-ɗigo a ƙirji, Campethera punctuligera. Wannan ɗan tururuwa da gara ne, sau da yawa a ƙasa za ka gan shi ko a jikin suri. Namijinsa jan ya rufe kai, har da jan layi a gefen baki kamar gashin baki. Macen goshinta baƙi ne da fararen ɗigo, jan yana can ƙeya.

Amma fa ba kowane rami ne nasu ba. Cilakowa ma a kogo take ƙwai, sai dai ita ba ta sassaƙa, samu take yi, ta shiga ta liƙe ƙofar, ta bar 'yar tsaga inda namiji zai riƙa miƙa mata abinci. Akwai kuma wasu masu kaurin baki da ke cin 'ya'yan ɓaure, su ma suna huda nasu. To yaya za ka bambance? Ka sami inuwa, nesa kamar taku talatin, ka zauna ka jira mai gida ya dawo. Maƙwaƙƙwafi in ya sauka, manne wa jikin itace yake yi a tsaye, yatsu biyu gaba biyu baya, ya dogara da wutsiyarsa mai tauri.

Yanzu ga inda daɗin yake. Kana zaune a ƙasa za ka iya sanin abin da ke cikin ramin.

Ƙwan farare ne, galibi biyu zuwa huɗu, kuma kwancin bai cika wuce mako biyu ba. A wannan lokacin gidan shiru ne. Ɗaya ya zo, ya yi ɗan kuka, na ciki ya fito, ya shiga. Canjin aiki ke nan, kuma namijin ne ke kwana a kan ƙwan da dare. Matan da ke nan ku ji da kyau, ku kai labari gida. (Dariya.) Ranar da ka ga zirga-zirga ta ƙaru, iyaye na shiga gaba ɗaya su daɗe, an ƙyanƙyashe. 'Ya'yan tsirara suke fitowa, ido a rufe. Ka lura da bakin uwa ko uba lokacin fita, za ka ga wani farin ƙunshi. Kashin yaran ne, ake ɗauka a kai nesa a yar, don kada wari ya kira guza ko maciji. Bayan kwanaki sai iyaye su daina shiga, rabin jiki kawai suke zurawa, domin yaran sun iya hawowa. A nan ne za ka fara jin ƙara daga cikin itacen, wani zuuu mai kama da na zuma. Na taɓa yin rabin awa a bakin wata gona a hanyar Dabai ina neman amya, ashe 'ya'yan maƙwaƙƙwafi ne ke kukan yunwa a saman kaina. Daga ƙarshe, wajen mako uku zuwa huɗu, sai ka ga kai ya leƙo a ƙofa.

A nan mutane ke kuskure. Su ga ja a kan wanda ya leƙo su rubuta namiji. A jinsuna da dama ƙananan, har matan, suna fitowa da ɗan ja a ka. Ka duba bakin: na yaro gajere ne, launinsa bai nuna ba, kuma ba ya rufe baki da kuka.

Wani lokaci ma wanda ya leƙo ba ɗan gidan ba ne. Tsuntsun nan da ke kai maharba wurin zuma ba ya renon ɗansa. Macen takan saci jiki ta sa ƙwai a ramin wani, ɗanta ya fito da ƙugiya a baki, ya kashe 'yan gida, iyayen su yi ta wahala da shi.

Abin da kuka gani ku rubuta: rana, irin bishiya, tsayin ramin, abin da aka kawo a baki. Tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos, an yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kusan kilomita 9 kowane gefe, kuma da wayar hannu ake tura bayani.

Na'am, ɗana, kana da tambaya?

"Malam, busasshen reshen fa? Mu a gida shi ake fara sarewa a yi girki."

Gaskiya ka faɗa, kuma ba zan ce Inna ta bar tuwo ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne. Daga hunturu zuwa bazara, in ka ga sabuwar ƙofa da ɓarɓashi a ƙasa, ka ɗaga wa reshen nan ƙafa wata biyu. In ma sun tashi, ramin ba ya zama kango, wasu tsuntsayen da ba su iya sassaƙa ba za su gaje shi. Masu zuwa fita ranar Asabar, bayan sallar asuba za mu haɗu. Madubin hangen nesa uku gare mu, sai a yi karɓa-karɓa, kuma duk wanda ya zo da danƙo a aljihu zai bar shi wurina.