Birkin da ke cikin jiki: jawabi ga 'yan Kaduna mazauna Birtaniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan'uwa na nan Manchesta da waɗanda suka yi sammako daga Landan, sannunmu da zuwa. Na lura ƙamshin masa ya fara ɗauke hankalin na baya, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Shugaba ya ce in yi magana a kan ciwon daji, tunda a ɗakin gwaje-gwajen asibiti nake aiki. Duk wanda ke zaurenmu na WhatsApp ya san yadda kiran gudummawa ke zuwa: wance ta Tudun Wada sankarar mama, wane na Kawo hanta, an kai shi asibitin koyarwa na Shika. Muna tarawa, Allah ya ba da lada. Amma sau nawa kuɗin ke isa kafin ciwo ya gama cin jiki?

Ku ba ni dama in bi ta tarihin wani masani. A 1979 wani matashi ɗan Ingila, David Lane, bai cika shekara 30 ba, yana bincike a Landan tare da Lionel Crawford a kan wata ƙwayar cuta ta birai, SV40, mai iya juya ƙwayoyin jikin ɓera su zama na daji. Sai suka ga wani furotin na jikin ɓeran kansa yana liƙe wa furotin ɗin cutar. A wannan shekara Arnold Levine ma ya ci karo da shi a Princeton ta Amurka. Aka sa masa suna p53.

Kusan shekara 10 masana suna yi wa abin nan fahimtar baibai. Da yake ana samunsa jibge a cikin ƙari, sai aka ɗauka shi ke rura ciwon, wato totur ne. Ashe samfurin da suke ta aiki da shi gurɓatacce ne. Sai a 1989 Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins ya duba sankarar hanji, ya tarar kwafi biyun p53 da mutum ke gada, na uwa da na uba, duk sun tashi daga aiki: ɗaya ya ɓace, ɗaya ya lalace. Nan aka gane birki ne. Idan rubutun gado da ke cikin ƙwayar jiki ya samu tangarɗa, p53 ke tsayar da ita daga rabuwa har a gyara. In abin ya fi ƙarfin gyara, ya sa ta kashe kanta don kada ta hayayyafa. Yau an san cewa a kusan rabin sankarar 'yan Adam, birkin nan ne ya tsinke. Giwa kuwa Allah ya hore mata kwafi kusan 20, duk girman jikinta ba kasafai daji ke kama ta ba.

Lane ya koma Dundee ta Sukotland a 1990, Sarauniya ta ba shi sarautar Sir a 2000, daga baya ya tafi Singafo, duk yana bin abu ɗaya: yadda za a mayar da wannan sani magani. Nan gizo ke saƙa. Toshe totur da ya maƙale ya fi sauƙi a kan mayar da birkin da ya tsinke. A jiki akwai wani furotin, MDM2, mai rusa p53. A 2004 masu bincike na kamfanin Roche suka fito da sinadarin nutlin da ke riƙe wa MDM2 hannu, aka yi ta murna. China ma tun 2003 ta amince da Gendicine, maganin da ke shigar da lafiyayyen p53 cikin ƙari. Duk da haka, shekara 40 da ɗoriya bayan ganowar, babu maganin gyaran p53 da likitan nan Ingila zai rubuta maka a yau. Saboda haka idan kun ga wani a Facebook da jarka yana rantsuwa zai warkar da daji cikin mako guda, ku riƙe kuɗinku.

To, mu 'yan Kaduna ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu har wuya, domin abubuwan da ke tsinka birkin suna cikin rumbunmu. A 1991 aka duba masu sankarar hanta a Qidong ta China da kudancin Afirka, aka tarar a da yawa daga cikinsu p53 ya lalace a gurbi ɗaya tak na rubutun gadonsa, na 249. Abin da ke sara daidai wurin shi ne aflatoksin, gubar fumfunar da ke kama masara da gyaɗa idan ba su bushe sosai ba. Mu kuwa jiharmu gidan masara ce, Saminaka kaɗai ta isa shaida. Kun san yadda muke: gyaɗa mai kyau ta tafi kasuwa, mai ɗaci da ta yi baƙi a soye ta a yi ƙuli, ko a ce ai yara za su ci. Girki ba ya kashe gubar nan. Idan kuma ta tarar da mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ninkuwa yake yi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure, yana rage gubar ƙwarai. Manoma nawa a danginmu suka taɓa jin sunansa?

Iyayena mata, a gafarce ni, zan taɓo abin da ake jin nauyin faɗa. Sankarar bakin mahaifa, ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, kuma dabararta ita ce rusa p53 ɗin nan. Tun 2008 ake yi wa 'yan mata rigakafinta a makarantun nan Birtaniya. Da yawanmu mun sa hannu a takardar 'ya'yanmu ba tare da gardama ba. A 2024 hukumar lafiya ta Sukotland ta sanar cewa cikin waɗanda aka kammala wa allurar suna 'yan 12 zuwa 13, ba a samu ko ɗaya da ta kamu da sankarar ba. Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, sai ga tsohuwar jita-jitar hana haihuwa, irin wadda ta tsayar da allurar shan inna a 2003, ta sake ɗago kai. Abin takaici, wasu saƙonnin muryar daga wayoyinmu na nan waje ake tura su gida. 'Yarka ta samu a Manchesta, kana hana 'yar ƙaninka a Rigasa? Haba Alhaji!

Akwai kuma sankarar idon yara, wadda ta kanta Alfred Knudson ya fara hango irin wannan birki tun 1971. Alamarta fari ne mai ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, ya fi fitowa a hoton da aka ɗauka da filas. A gida sai a ce hakiya ce, a yi ta ɗiga magani. A nan fiye da 9 cikin 10 na yaran suna rayuwa, don ana kai su da wuri. Hotunan suna da na Sallah suna zuwa mana kullum, ku riƙa duban idon yaran. In kun ga haka, Asibitin Ido na Ƙasa yana nan Mando, a tafi a makon.

Shugaba, ga ƙudurina. Kada a taɓa asusun marasa lafiya. Amma daga kuɗin bana a ware wani kaso don yi wa danginmu gwajin ciwon hanta da rigakafinsa, a sayi tamfol na shanya da Aflasafe a raba wa manoma kafin damina. Likitocinmu mata kuma su naɗi bayani da Hausa a kan allurar HPV, mu kai wa malaman Islamiyyu na unguwanninmu su saurara, su yi tambayoyinsu. Ina roƙon a samu mai mara mini baya, ma'aji ya gaya mana abin da ke ƙasa, a kaɗa ƙuri'a kafin a buɗe kulolin abinci.

Wassalamu alaikum.