Me Ya Sa Fitsari Ke Kuɓuce Wa Mai Ciki?

Atishawa ɗaya kika yi, ko dariya ta kama ki, sai kika ji danshi a jikinki. Kin duba, ashe fitsari ne ya kuɓuce miki. In kina da ciki kuma haka ta taɓa faruwa da ke, 'yar'uwa, tsaya ki ji. Masu ciki da yawa na fama da wannan, kunya ce kawai ke hana su faɗa.

Bari mu fara cire miki tsoro ɗaya: wannan daban yake da yoyon fitsari. Shi yoyon fitsari ɓula ce ke samuwa tsakanin mafitsara da farji, galibi bayan doguwar naƙuda, fitsari ya riƙa zuba dare da rana, kuma yawanci sai an yi aiki. A namu batun mafitsara lafiyarta lau, abin da ke riƙe da bakinta ne ya gaji.

Ki zana wannan hoton a ranki. Ga mafitsara a gaba, ga mahaifa ta jingina a kanta. A ƙarƙashinsu akwai tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙashin baya, kamar ragar da aka ɗaure ta gefe biyu. Su ke ɗauke da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne kuma ke taimakawa a matse hanyar fitsari. Kafin ciki, nauyin mahaifa wajen gram 70 ne. Zuwa watan haihuwa takan kai kilo 1, ban da jariri da mabiyiya da ruwa. A lokaci guda ƙoda na ƙara tace jini da kusan kashi 50 cikin 100, sannan sinadaran ciki, irin su firojestaron da rilaksin, suna sassauta nama da jijiyoyi don shirya wa jariri hanya. Kaya ya ƙaru, igiya ta saki. Shi ya sa abin ya fi tsananta a watanni ukun ƙarshe.

To, tunda kowace mai ciki na ɗauke da wannan nauyi, me ya sa wata ke jiƙewa, wata kuma ko ɗigo?

Babban dalili shi ne halin da ciki ya tarar da waɗannan tsokoki. Wadda fitsari ke ɗan kuɓuce mata tun kafin ta samu ciki, ita ta fi kowa fuskantarsa yanzu. Sai wadda ta taɓa haihuwa da kanta. Lokacin da kan jariri ke saukowa, tsokokin nan kan miƙe iya miƙewa, jijiyoyin da ke ba su umarni kuma su matsu. Idan yunƙurin ya yi tsawo, ko jaririn ya haura kilo 4, ko sai da aka sa ƙarfe aka jawo shi, ko ta samu yagewa mai zurfi, raunin ya fi yawa. Tana iya warkewa ta manta, ta yi shekara biyu ko uku ba komai, sai sabon ciki ya tono abin da ke kwance. A nan wasu kan ɗauka cewa wadda aka yi wa tiyata ta tsira. Ta ɗan samu sauƙi, gaskiya ne, amma watanni tara na ɗaukar ciki su ma aiki ne a kan tsokar nan. Ai ko mai cikin fari, wadda ba ta taɓa shiga ɗakin haihuwa ba, abin na samunta.

Shekaru na taka rawa, musamman daga 35 zuwa sama. Cikin tagwaye ma haka, dalilinsa a bayyane yake. Akwai kuma gado: in mahaifiyarki ko yayarki na da matsalar, ke ma kin fi kusa da ita. Waɗannan ba abin da za ki iya sauyawa.

Amma akwai waɗanda ke hannunki, kuma a ganina su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ƙiba tun kafin ciki, ko ƙara nauyi fiye da kima a cikinsa, ƙarin kaya ne a kan raga ɗaya. Taurin bayan gida kuwa mugun abu ne a ɓoye: ciki na rage tafiyar hanji, ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo na iya ƙara ɗaure shi, ke kuma kullum kina yunƙuri a banɗaki, kina tura tsokar ƙasa. Kar ki daina shan maganin, ki faɗa wa ungozoma a nemo miki mafita. Tari mai naci, ko na asma ne ko na taba sigari, kowane ɗaya bugu ne a kan mafitsara. Ciwon suga na ciki yana ƙara yawan fitsari. Kofi da shayi mai ƙarfi suna tsokanar mafitsara. In kuma kina jin zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, ko matsuwa ta zo miki farat ɗaya har ki kasa kaiwa banɗaki, to a gwada fitsarin, don ƙwayoyin cuta a mafitsarar mai ciki na iya hawa zuwa ƙoda, har su tayar da naƙuda lokaci bai yi ba.

Dabarar da mata suka fi yi ita ce rage shan ruwa, kuma ita ce mafi muni. Fitsari ya yi kauri ya ƙara damun mafitsara, bayan gida ya ƙara tauri. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ke aiki shi ne atisayen da likitan mata ɗan Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana a 1948. Ki matse kamar kina riƙe tusa da fitsari tare, ki ja sama, ki ƙirga daƙiƙa kaɗan, a hankali ki kai 10, sannan ki saki gaba ɗaya. Ki yi kamar sau 10, sau uku a rana, ba tare da riƙe numfashi ko matse cinya ba. Kar ki mayar da shi na tsayar da fitsari kina tsaka da yi. In kin ji atishawa na tafe, ki riga ta matsewa. Wadda ta fara tun ciki na ƙarami, kafin ɗigo ya bayyana, ita ta fi cin moriyarsa.

Saura abu ɗaya da ba a jira da shi. Wani lokaci abin da kike zaton fitsari ne, faya ce ta fashe. Ruwanta garau yake ko fari-fari, ba ya warin fitsari, kuma ko kin matse ba ya tsayawa. Ki sa audugar mata ki duba kalarsa. In kina kokwanto, ko kin ga kore ko jini, ko cikin bai kai mako 37 ba, ki tafi asibiti a take.