Darasi: Yadda za ka yi wa alhazai bita su saurare ka har ƙarshe

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa ɗalibai, barkanmu da war haka daga nan Madina. Ƙanena, ɗan ɗaga wayar sama, allon nake so ya fito sosai. Yauwa, haka.

To, jirage sun kusa fara sauka, kuma kun san yadda abin yake, da yawa daga cikinmu 'yan Jami'ar Musulunci za a ce mu je masaukai mu yi wa iyayenmu bita kafin su wuce Makka. Ilimin kuna da shi, a kan wannan ba ni da shakka. Abin da ya sa na kunna kwamfutar nan shi ne yadda za a isar da shi ga dattijon da ya kwana a filin jirgi, ya yi sallar asuba a Harami, ya taka zuwa Baƙi'a ya dawo, ya ci tuwo, sannan aka ce ya sauko ɗakin taro ya saurare ka.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don shi ya canja min komai. Shekarar da na fara, na shirya shafi 46 a PowerPoint. Kowane shafi cike da rubutu, saɓanin malamai a kan tamattu'i da ƙirani da ifradi, hujjar wannan, raddin wancan. Kwana uku ina haɗawa. Na tsaya a wani masauki a Markaziyya, unguwar da ke kewaye da Harami, na juya wa mutane ƙeya ina karanta allo. Can wajen shafi na 12 na waiwayo, sai na ga sahun baya duk gyangyaɗi ake. Wani Baba Alhaji a gaba ya ɗaga sandarsa ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mu dai faɗa mana, in mota ta tsaya a miƙati, me za mu fara yi?" Wallahi har yau maganar tana raina. Mutumin nan ƙila gona ya sayar ya zo, tsoronsa ɗaya kada aikinsa ya ɓaci, ni kuma na kwashe minti 20 ban taɓa abin da ke damunsa ba.

Tun daga ranar, kafin in buɗe PowerPoint sai na ɗauki takarda na rubuta jimla ɗaya: in sun fita daga ɗakin nan, me nake so ya zauna a kansu? Ɗaya tak. In bitar Madina ce, jimlata ita ce su san abin da za su yi daga miƙatin Zul Hulaifa, wato Abyar Ali, har su yi aski ko saisaye a gama umara. Maganar Mina da Arfa ranarta daban, a Makka za a yi. Na san zuciya tana so ka zuba duk abin da ka sani, musamman in ka ga wani malami zaune a gefe yana kallonka. Ka daure. Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya ƙara masa yarda, ranar Alhamis kawai yake wa mutane wa'azi. Wani ya roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ce abin da ya hana shi, ba ya son ya ƙosar da su, haka Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake zaɓar musu lokaci don gudun kada su gaji. Sahabbai fa ake magana. To ina ga mu da mutanen da suka sha tafiya?

Yanzu ku kalli allo. Zan haɗa shafi ɗaya a gabanku, misalin jifa zan ɗauka don lissafinsa ya fi rikita mutane. Farin shafi, babu ado. Na rubuta 10, wato ranar 10 ga Zul Hajji, a gabansa 7, adadin tsakuwar da za a jefa. Ƙasa 11, a gabansa 21. Sai 12, shi ma 21. Jimla 49. Wanda ya ƙara kwana zuwa 13 ya ƙara 21, ya zama 70. Shi ke nan shafin. Girman rubutu kuwa, ni ba na sauka ƙasa da 36, don rabin mutanenka tabarau yana cikin jaka a ɗaki. Ka zaɓi rubutun, ka riƙe Ctrl da Shift, ka yi ta danna alamar nan mai kama da bakin kibiya har ya cika allo. Au, na danna ta hagu, ya ƙanƙance. Ta dama nake nufi. Yauwa.

Sauran bayani, wace jamra ake fara jifa, a ina ake tsayawa addu'a, duk a bakinka yake. In ka rubuta shi a allo, masu iya karatu za su riga ka gamawa su koma kan waya, waɗanda ba su iya boko ba kuma ka bar su a baya tun daga farko. Hoto ya fi. Gani ya kori ji. Hoton koren fitilar nan da ke bango daidai saitin Hajarul Aswad, ka nuna shi babba ka ce daga nan ake fara ɗawafi, nan ake ƙarewa, sau 7, Ka'aba tana hagunka. Kuma wannan yana da asali, an ruwaito Manzon Allah ya zana murabba'i da layi a tsakiyarsa da ƙananan layuka a gefe, yana nuna ɗan Adam da ajalinsa da burinsa. In babu majigi, ka sa kujera a tsakiyar ɗaki ka ce ga Ka'aba, ka kira mutum biyu su zagaya. Na sha yin haka, kuma ya fi kowane shafi zama a kai.

To ga wurin da nake so ku nutsu, don ya taɓa ba ni wahala sosai. Aya da addu'a. Da yawanmu muna amfani da rubutun Alƙur'ani na Majma'u Malik Fahad da ke nan Madina, yana da kyau ƙwarai. Amma wannan rubutun a kwamfutarka yake zaune. In ka kwafi aikinka a filashi ka soka a kwamfutar masauki wadda ba ta da shi, sai ka ga ayar ta koma wasu alamomi da akwatuna, ko haruffa sun rabu. Ayar Allah ce a gaban jama'a, abin ba ƙarami ba ne. Haka su ƙ da ɗ da ɓ, in ka zaɓi rubutu mai ƙawa wanda ba shi da su, sai "ɗawafi" ya fito da akwati a farkonsa. Ni Arial nake sa wa Hausa, ba na canjawa.

Maganin ayar, kalli nan. Na buɗe ta a Word da rubutun da nake so, na ƙara mata girma. Sai in riƙe maɓallin Windows da Shift da S, allon ya dushe, in ja akwati a kan ayar, in koma shafina in manna. Yanzu ta zama hoto, ko a wace kwamfuta aka buɗe haka za ta fito. Ka ƙara girman kafin ka yanka fa, kar bayan ka yanka, in ba haka ba za ta yi dishi-dishi a majigi. Akwai wata hanyar, a cikin saituna wajen adanawa za ka iya cewa a cusa rubutun a cikin fayil ɗin, amma ba kowane rubutu ne yake yarda a cusa shi ba, shi ya sa na fi son hoto. Bayan duk wannan, ka sake adana kwafi ɗaya a PDF, ka tura wa kanka a WhatsApp. Tun ran gini tun ran zane. Sannan in layi ɗaya ya haɗa Hausa da Larabci ya hargitse, aya ta koma farkon jimla, Ctrl da Shift na dama yana mayar da sakin layi ya fara daga dama, Ctrl da Shift na hagu ya dawo da shi. Amma gara ka raba su, Larabci akwatinsa, Hausa akwatinta.

Haɗa majigi kun iya, ba sai na tsaya ba. Abu ɗaya kawai: Windows da P. Kwamfutocin nan yawanci da Larabci suke, za ka ga takrar, wato Duplicate, za ka ga tausi'i, wato Extend. Tausi'i za ka zaɓa, na uku a jerin. Shi ne zai sa jama'a su ga shafin, kai kuma a gabanka kana ganin 'yan bayananka, da shafin da ke zuwa, da agogo. Wannan agogon abokinka ne. In kana ɗaki kai kaɗai kana gwaji, Alt da F5 zai nuna maka haka ko babu majigi.

Maɓallin da na fi so kuwa shi ne B. Duba. Allo ya yi baƙi. Na sake danna shi, ya dawo. Duk lokacin da zan faɗi abu mai nauyi, misali abubuwan da mai harami zai nisanta, sai in kashe allon. Nan take idanu su dawo kaina, sai in yi shiru kamar numfashi biyu, sannan in faɗa a hankali, in maimaita. Anas ya ce Manzon Allah yakan maimaita magana sau 3 don a fahimta, Nana A'isha kuma ta ce da mai ƙirga zai ƙirga kalmominsa da ya iya. Mu kuwa tsoro yakan sa mu gudu kamar ana binmu. In ka ji numfashinka yana sarƙewa, gudu kake, sassauta.

Ku sayi rimot na canja shafi, don Allah. Akwai a Jarir da shagunan kayan waya, ba shi da tsada, mutum huɗu ma za su iya haɗa kuɗi su riƙa karɓa-karɓa. Shi ne zai raba ka da tebur ka shiga cikin mutane. Af, tunda na tuna, shafukan bitar umara da na Mina da na shirya, da ayoyin duk an mayar hoto, suna nan ga mai so. Ranar Alhamis bayan isha kuma muna zama da ƙananan ɗalibai, kowa ya tashi ya yi minti 5 mu gyara masa. Kuɗin shayi kawai ake kawowa. Waɗanda ke shirin munaƙasha, wato kare kundin bincike, ma su zo, don cutar ɗaya ce, mutum ya sunkuyar da kai yana karanta muƙaddima har mushrif, malamin da ke duba aikinsa, ya ce ya taƙaita.

Ina muka tsaya? Shiga cikin mutane. Ka fara da gaisuwa ta gaskiya. Iyayenmu maza, iyayenmu mata, sannunku da hanya, ya gajiya? Su wa suka zo daga Katsina? 'Yan Maraɗi suna nan? Sai ka ji ɗaki ya motsa. Kuma duk bayan 'yan mintuna ka jefa tambaya. Ko a huɗubar ranar layya a Mina, Manzon Allah tambaya ya yi, wace rana ce wannan, wane wata ne, wane gari ne, sai da hankali ya taru sannan ya faɗi hukunci. Kai ma ka ce, "Hajiya, in kin zo saitin koren fitila me za ki ce?" Ta amsa, ka ce ma sha Allah, kowa ya maimaita. Talbiyya kuwa kada ka karanta musu, ku yi ta tare da murya har sau uku, mai barci ma zai farka. Ɓangaren mata yawanci a baya yake ko a gefe, kuma su ne suka fi tambayoyin da ba za su iya yi a bainar jama'a ba, saboda haka ka tabbata lasifika tana kaiwa can, ka kuma nemi malama ta zauna da su bayan an tashi.

Harshe ma a kula. Mun daɗe a nan, bakinmu ya cika da "ya'ani" da "ɗab'an" da "mahzuratul ihram". Baba ba a ajin jami'a yake ba. Ka ce abubuwan da aka hana mai harami. Lokaci kuma ka faɗe shi da salla, bayan la'asar, kafin azahar, don wasu agogonsu yana nan a lokacin gida, kuma tsakaninmu da Najeriya da Nijar awa 2 ne. Na ga wanda mota ta tafi ta bari saboda wannan.

Tambayoyi ka bar musu lokaci mai yawa, ni in an ba ni minti 40, 25 nake magana. Wanda ya yi tambaya, ka maimaita ta a makirufo kowa ya ji kafin ka amsa. In yana son a koma wani shafi, buga lambarsa ka danna Enter, kai tsaye zai kai ka, ba sai ka yi ta komawa baya ɗaya-ɗaya ba. In kuma aka kawo mas'alar da ba ka da tabbas, musamman ta fidiya ko ta jinin mata, ka ce za ka tambayo, ka rubuta lambar ɗakinsa, kuma ka koma masa da amsa a ranar. A garin nan aka yi wa Imamu Malik tambaya 48, an ruwaito a 32 ya ce bai sani ba, ga kabarinsa nan a Baƙi'a. Aikin hajjin mutum ne a hannunka.

Ƙanena, batirin ya kusa ko? To. A darasi na gaba zan nuna yadda ake yi a tantin Mina, inda babu majigi, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki da lasifikar hannu. Wanda zai zo ranar Alhamis ya taho da shafi 5 kacal da filashinsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.