Bindigar da Ke Kwana a Mota

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka, a kan wata tambaya da masu shagunan sayar da makamai a can suka saba ji, musamman a jihohin kudu irin su Texas da Tennessee da Jojiya. Mutum zai shigo, ya jingina da kanta, ya ce yana neman ƙaramar bindiga mai araha wadda zai riƙa bari a mota. Mai shago ko mamaki ba zai yi ba. Zai jawo biyu ko uku ya jera masa, kamar yadda mai kayan gyara zai jera maka batir ka zaɓa.

Na san wannan zai yi wa kunnen mai sauraro a Kano ko Maraɗi baƙo. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta wa farar hula sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka maganar zaɓen wadda ta fi araha ma ba ta taso ba. Amurka kuwa tata hanyar daban ce. Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkinta a 1791 ya tabbatar da 'yancin mallakar makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan 'yanci na kowane mutum ne, ba sai yana cikin wata runduna ba, sannan a 2022 ta ƙara da cewa 'yancin bai tsaya a ƙofar gida ba, yana bin mutum har waje. Yanzu fiye da rabin jihohi 50 na ƙasar ba sa neman lasisi kafin baligi ya fita da ƙaramar bindiga. Texas ta halatta ajiye ta a mota ba tare da lasisi ba tun 2007, a 2021 kuma ta janye sharaɗin lasisin ɗaukarta a jiki.

To me ya kai ta mota? Ba'amurke rabin rayuwarsa a mota take. Manomi ko mai kiwo a yammacin Texas zai yi tafiya mai nisa a a-kori-kurarsa bai ga ɗan sanda ba. Na birni kuma wani dalilin gare shi: akwai wuraren da doka ko masu wurin suka hana shiga da makami, kamar kotu da gidan waya da makaranta da ma'aikatu da dama. Idan ya isa ƙofa, dole ya cire ta. Ina zai ajiye? Sai ya tura ta aljihun gaban mota ko ƙarƙashin kujera. Yau da gobe, sai ya daina shiga da ita gida ma. Nan take wuni, nan take kwana.

Kasuwa ta daɗe da gane wannan buƙata. Akwai Hi-Point, wadda ake ƙerawa a jihar Ohio, mai nauyi da muni, wadda sabuwarta ke kamawa wajen dala 200 ko ƙasa da haka. Akwai Taurus, kamfanin ƙasar Brazil, wanda wasu ƙananan bindigoginsa ba sa wuce dala 300. Sai Glock ta ƙasar Austriya, wadda yawancin 'yan sandan Amurka ke ratayawa, ita kuwa sai ka tanadi dala 500 zuwa sama. Masu wannan harka suna iya kwana suna gardama a kan wacce ce ba ta cijewa, wacce ke jure ƙura da zafin motar da aka bari a rana, wacce ba ta saurin tsatsa. Ba wannan gardamar ce ta dame ni ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar araha ɗin kanta. Mutumin nan da ke tambaya sau da yawa ba talaka ba ne. Yana da mai tsadar a gida, a kulle cikin akwatin ƙarfe, yana goge ta yana shafa mata mai. Ta motar ce yake so mai araha. Idan ka matsa masa da tambaya, amsar da za ta fito ita ce: ko an fasa gilashi an ɗauke, bai yi wata babbar asara ba. Wato tun kafin ya biya kuɗin, ya riga ya sa sata a cikin lissafinsa. Ya yarda za a iya ɗauke ta, abin da ya rage masa kawai shi ne ya rage zafin abin a aljihunsa.

Kuma lissafin nasa bai yi ƙarya ba, ana ɗaukewa ɗin. Ƙungiyar Everytown, mai fafutukar a tsaurara dokokin bindiga, ta bi alƙaluman FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, na birane 337 ta fitar da rahoto a 2024. Ta gano cewa a shekarar 2022 an kai rahoton sace bindigogi kusan 112,000 a waɗannan birane, kuma sama da rabinsu daga cikin motoci aka ɗauke su. Idan aka raba, kusan duk minti 9 ana sace bindiga ɗaya daga mota. Cikin shekara 10, yawan irin wannan sata ya ninka sau 3. Wani zai ce ai ƙungiyar tana da ɓangaren da take goyon baya. Gaskiya ne. Amma shugabannin 'yan sanda na birane da yawa, waɗanda ba abokan gabar bindiga ba ne, kukan da suke yi ke nan.

Birnin Memphis na jihar Tennessee ne ya zo kan gaba a wannan rahoto, kuma ba a rasa dalili ba. A 2014 jihar ta ba wa mutane damar ajiye bindiga da harsashi a cikinta a mota ba tare da lasisi ba. Ɓarayi su ma suna jin labarai. Sun gane cewa ba sai sun haura katangar kowa ba. Samari ne ke bin layi da tsakar dare suna taɓa ƙofofin motoci ɗaya bayan ɗaya, wadda ta buɗe su duba aljihun gaba da ƙarƙashin kujera, cikin 'yan daƙiƙoƙi sun wuce ta gaba. Abin dariya abin takaici, wasu masu motocin da hannunsu suke manna takardar tallar kamfanin bindiga a gilashin baya don alfahari. Ɓarawo kuwa yana karanta ta ne a matsayin sanarwa cewa ga inda kaya suke.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan harka abin ya sha bamban. Wanda ya ja ruwan ya yi asarar dala 200 da kuɗin gilashi, gobe ya koma shago ya sayi wata. Ruwan wani yake duka. Bindigar da aka sace ba gidan tarihi take tafiya ba. Hannun wanda doka ta hana shi saye take faɗawa, yaron da bai kai shekara 21 ɗin da dokar tarayya ta gindaya wa mai sayen ƙaramar bindiga a shago ba, ko wanda ya taɓa zaman kaso, wanda da ya je shago da binciken da ake yi ta kwamfuta tun 1998 ya tona shi. Duk wannan shinge da aka gina, tagar mota ɗaya ta isa a zagaye shi.

A ranar 1 ga Yulin 2015, wata mata 'yar shekara 32 tana yawo da mahaifinta a bakin teku a birnin San Francisco na jihar Kalifoniya, harsashi ya same ta, ta rasu. Da aka bi sawun bindigar, sai aka tarar ta wani jami'in gwamnatin tarayya ce, an sace ta daga motarsa 'yan kwanaki kafin nan. Ba mai araha ba ce, kuma mai ita ba ɗan koyo ba ne. Bayan wannan ne jihar Kalifoniya ta yi doka a 2016 cewa duk wanda zai bar ƙaramar bindiga a mota, har da jami'an tsaro, sai ya kulle ta a but ko a cikin akwati mai makulli inda ido ba ya gani.

Amma kada a ji kamar ina cewa laifin na araha ne. Wannan tsohuwar gardama ce a Amurka, kuma ɗaya ɓangaren yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisar dokokin tarayya ta yi dokar da ta toshe shigo da ƙananan bindigogi masu arha daga ƙasashen waje. Ba a daɗe ba wasu kamfanoni a kudancin Kalifoniya suka cike gurbin da nasu na gida. Tun lokacin masu adawa da irin wannan doka ke cewa, idan ka hana mai araha, talaka kaɗai ka hana, mai kuɗi ko a jikinsa. Kuma talakan ne ke zaune a unguwar da ake kiran 'yan sanda su yi jinkiri. Ma'aikaciyar jinya da ke tashi aiki ƙarfe 2 na dare ta bi ta wurin ajiye motoci mai duhu, idan abin da take iya saya ke nan, ba ni da bakin zarginta. Ita don ta tsira da ranta ta saya, kuma a jakarta za ta shiga da ita gida. Wanda nake magana a kansa shi ne wanda ya saya don ya manta da ita.

Kuma ko ta fuskar kuɗin ma, lissafin gurgu ne. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya da ake ɗaurewa a ƙafar kujera, wanda kuɗinsa bai kai na cika tankin babbar mota ba. Ba zai gagari ɓarawon da ya zo da kayan aiki da lokaci ba, amma mai taɓa ƙofa ya wuce ba shi da ko ɗaya. Sai kuɗin harsashin gwaji da na malamin da zai koya maka, waɗanda a shekara ɗaya suna iya haura kuɗin bindigar. Wanda ya tsuke hannu a wajen saye, da wuya ka ga ya sake shi a nan.

Akwai kuma wani tarko da ya fi shafar baƙi, kuma ina faɗar wannan ne saboda 'yan'uwanmu da ke zaune a can, waɗanda da yawansu tuƙi ne sana'arsu. Amurka ƙasa ɗaya ce, amma a kan bindiga dokoki 50 gare ta. Abin da yake halal a Pennsylvania, kana tsallaka gada zuwa New Jersey ya zama babban laifi. A 2013 wata uwa mai 'ya'ya 2 daga birnin Philadelphia na jihar Pennsylvania, mai riƙe da lasisin jiharta, ta shiga New Jersey, ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin hanya. Da bakinta ta gaya masa akwai bindiga a motar. Aka kama ta, ta yi makonni a tsare, ta fuskanci ɗaurin shekaru, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. Dokar tarayya ta 1986 ta ba matafiyi kariya idan ratsa jiha kawai zai yi, amma da sharaɗi: a cire harsashi, a kulle ta a inda hannu ba ya kaiwa, kuma dokar ta ambaci aljihun gaban mota ta ce shi bai wadatar ba. Wato daidai wurin da yawancin mutane ke ajiye ta. Masu jigila da Uber ko Lyft kuma su sani, ƙa'idar kamfanonin biyu ta hana direba ɗaukar bindiga yana kan aiki.

Sannan ga lokacin da fitilar 'yan sanda ta haska bayanka. A watan Yulin 2016, a wajen birnin St. Paul na jihar Minnesota, an tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile. Yana da lasisi. Cikin ladabi ya shaida wa ɗan sandan cewa yana ɗauke da makami. Cikin 'yan daƙiƙoƙi aka harbe shi, budurwarsa na gefe, ƙaramar 'yarta na kujerar baya, kuma duniya ta ga abin da ya biyo baya kai tsaye ta Facebook. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Duk baƙar fatar da ke tunanin ajiye bindiga a mota don ya samu kwanciyar hankali, ya kamata ya auna wannan tare da farashin.

Ban ma taɓo fushin kan hanya ba, inda wani ya sha gaban wani, aka yi zage-zage, hannu ya kai ga abin da ke kusa. A 2021 haka aka kashe wani yaro ɗan shekara 6 a kan babbar hanya a kudancin Kalifoniya, yana kujerar baya mahaifiyarsa za ta kai shi makaranta.

Wasu birane sun gaji da jiran majalisun jihohinsu. A 2024 majalisar birnin Savannah a Jojiya, ƙarƙashin magajin gari Van Johnson, ta yi dokar cewa duk wanda ya bar bindiga a mota sai ya ɓoye ta ya kuma kulle motar, in ba haka ba tara ko ɗauri. Babban lauyan jihar ya fito ya ce birni ba shi da hurumin yin dokar bindiga, wannan aikin jiha ne. Abin da birnin ya nema bai kai a hana kowa saye ba, bai kai a ƙwace ta kowa ba. Abin da ya tunzura su shi ne alƙaluman 'yan sandansu na 2023: bindigogi fiye da 200 aka kwashe a shekarar daga motocin da masu su ko kulle ƙofa ba su yi ba.